Daga Kasuwar Kano Zuwa Kasuwar Waya: Tarken Ƙagaggun Labaran Hausa na Intanet da Hanyar Cin Abincin Marubutansu

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana bin rubutaccen adabin Hausa tun daga haihuwarsa, wato wa zai ciyar da marubuci? Makaɗin fada yana da sarkinsa, makaɗin jama'a yana da 'yan biki da masu yi masa kari, mawaƙin siyasa kuma yana da jam'iyyarsa. Shi kuwa mai ƙaga labari da alƙalami, galibi sai ya nemi wata sana'ar da zai riƙe gida da ita, rubutu ya zama aikin dare. A 'yan shekarun nan an sami wani rukuni na marubuta, mafi yawansu mata matasa, waɗanda suke ganin sun samo amsar wannan tambaya. Su ne masu rubuta labari a wayar hannu, su saki shi shafi-shafi a dandalin intanet, su karɓi kuɗinsu kai tsaye daga hannun mai karatu, ba tare da sun taka ƙofar maɗaba'a ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan sabuwar hanya da ma'aunin tarke. Ra'ayin da za a kafa shi ne, yadda ake biyan marubuci yana shiga cikin jikin labarinsa, ya tsara masa tsawo da taurari da harshe, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka duk mai son fahimtar labaran intanet dole ya fara fahimtar cinikinsu. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikin ɗaliban da ke rubutu a wannan mujalla, can ne za su kai hajarsu bayan sun bar jami'a, wasu ma sun riga sun kai.

2.0 Waiwaye: Iyayen Gidan Marubucin Hausa

Ubangidan farko na ƙagaggen labarin Hausa hukuma ce. A shekarar 1933 ne Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Hukuma ce ta nemi labaran, ta gyara su, ta buga, ta kai su makarantu. Haka aka ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA ta shekarun 1950, da kamfanin NNPC da ya biyo baya a 1966. Ko littattafan da ake ɗauka a matsayin mafarin labaran soyayya na zamani, irin So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka fito a 1980, gasar NNPC ce ta fito da su. A wannan zango marubuci yana da edita, yana da daidaitaccen rubutu, littafinsa kuma yana da wurin zama a manhajar makaranta. Abin da ya rasa shi ne faɗin ƙofa, domin 'yan kaɗan ne suke samun shiga.

Ubangida na biyu ɗan kasuwa ne. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya yaye ɗimbin matasa masu iya karatun boko, sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Wannan giɓi ne marubuta irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka cike, ta hanyar buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u. Budurwar Zuciya ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna a 1991. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka riƙa tallata littattafan junansu. Sannu a hankali sai masu shagunan littattafai na Kano suka zama su ne masu zuba jari, su sayi labari daga marubuci, su buga, su raba wa dillalai. Nan ne aka saba da raba labari ɗaya zuwa 'yan ƙananan littattafai na ɗaya da na biyu da na uku, domin a saya sau uku.

Wannan zango shi ne Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, bisa kwatanci da adabin kasuwar Onica, aka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990 tsakaninsa da masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu, waɗanda suke ganin a kira shi adabin Hausa na zamani. Darasin da muhawarar ta bari yana da amfani a yau. Masu suka sun yi gaskiya game da gaggawa da raunin gyara. Masu karewa kuma lokaci ya gaskata su, domin daga cikin wannan kasuwa aka sami Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Ke nan kasuwa tana iya haifar da tarkace da zinariya a rumfa ɗaya, aikin manazarci shi ne ya tsince.

3.0 Ubangida na Uku: Mai Karatu da Wayarsa

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma sai da wayoyi masu intanet suka yi araha, kafofin Facebook da WhatsApp suka shiga gidaje, sannan labari ya sami sabon masauki. A lokacin kasuwar bugaggen littafi ta riga ta yi sanyi saboda tsadar takarda da gogayyar fina-finai. Ga kuma matsin hukuma: a 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Waya ta ba marubuciya abin da maɗaba'a ba ta taɓa ba ta ba, wato ta fitar da labari daga ɗakinta ba jari, ba dillali, ba mai tacewa.

Ana iya kasa hanyoyin da labaran ke bi gida uku. Na farko shi ne dandalin karatu kyauta, wanda mafi shahararsa Wattpad ne. Allen Lau da Ivan Yuen suka kafa shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu kuma ya saye shi a 2021 kan kuɗi sama da dala miliyan 600. A nan marubuciya tana tara suna da mabiya, amma da wuya ta tara kuɗi. Na biyu shi ne dandalin sayar da littafi, inda kamfani ke karɓar kuɗi ya cire la'adarsa ya ba marubuci saura. Amazon ya buɗe irin wannan ƙofa a 2007, yana biyan kashi 35 ko kashi 70 cikin 100 gwargwadon farashin littafi da ƙasar da aka saye shi. A gida Nijeriya, Okechukwu Ofili ya kafa OkadaBooks a 2013, marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a can, daga baya kuma aka sami manhajar ArewaBooks wadda aka gina domin masu karatun arewa.

Hanya ta uku ita ce tafi jan hankalin manazarci, domin marubutan ne suka ƙirƙiro ta da kansu. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a matsayin ɗanɗano. Idan labari ya kai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, sai ta sanar cewa na kyauta ya ƙare. Mai son ci gaba zai tura kuɗi ta asusun banki ko ya aika katin waya, ya nuna shaidar biya, sannan a sa shi cikin rufaffen zauren WhatsApp ko Telegram inda ake sakin sauran shafukan. Akan keɓe wata lamba domin masu karatu na Nijar su biya da sefa. Wasu sukan buɗe zaure na musamman mai tsada, inda ake samun shafi da wuri. Wasu kuma sukan haɗu su saki littattafansu lokaci guda a sayar a dunƙule, kamar yadda marubutan Zafafa Biyar suka yi suna da shi, abin da ke tuna wa mutum dabarar Raina Kama. Bayan kuɗin karatu akwai na talla, inda masu sayar da atamfa da turare da kayan mata ke biya a sa sanarwarsu a saman shafi ko a tsakiyarsa.

Ribar wannan tsari a fili take. A ƙaddara masu karatu 1,000 sun biya naira 500 kowanne, to an sami naira 500,000 ba tare da an sayi takarda ko guda ba, ba kwantai, ba bin dillali bashi. Matar aure da ba ta fita, da ɗaliba mai neman kuɗin makaranta, sun sami sana'ar cikin gida wadda jarinta hikima ce da kuɗin data. Haka kuma mu mazauna kudu mun san wahalar da ake sha a da kafin littafin Hausa ya iso Sabo ta Ibadan ko Agege, sai an jira mai zuwa Kano an ba shi saƙo. Yanzu shafin da aka saki a Gusau da safe, a sa'a guda ake karanta shi a Legas da Maraɗi da zangon Kumasi. Ba a taɓa samun lokacin da labarin Hausa ya yi tafiya mai nisa cikin sauri irin wannan ba. Sai dai Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya rage shi ne a duba irin askin da sabon ubangida yake nema.

4.0 Sawun Ciniki a Jikin Labari

4.1 Zubi da Tsari

Labarin da ake saki kullum yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa: kowane shafi ya ƙare a inda zuciya ke rataye. Dabarar ba sabuwa ba ce. Da ita Shaharzad ta tsira da ranta a Dare Dubu da Ɗaya, da ita kuma Charles Dickens ya riƙe masu karatun Ingila tun daga 1836, lokacin da yake sakin labarinsa wata-wata. Idan gwana ta riƙe ta, tana koya wa marubuci tsimin bayani da sanin inda ake yanka. Akwai marubutan intanet da suka ƙware a nan ƙwarai, har sun fi wasu marubutan bugaggen littafi iya riƙe mai karatu, domin sun san idan shafi ya yi lami yau, gobe zaure zai watse.

Matsalar tana ɓullowa ne daga wurare biyu. Na farko, wurin da ake yanke shafukan kyauta ya zama shi ne ƙololuwar labari ta haƙiƙa. Duk ƙarfin marubuciya yakan tafi wajen ƙulla rikici a shafuka ashirin ko talatin na farko, domin su ne tallar haja. Bayan an biya, sai labari ya saki jiki, a shiga jerin bukukuwa da tafiye-tafiye da girke-girke waɗanda ba sa ɗaga jigo ko taki ɗaya. Na biyu, mai karatu da ya biya yakan auna kuɗinsa da yawan shafuka, saboda haka gajeren labari yana kama da cuta a idonsa. Wannan ne ke sa labarin da ya kamata ya ƙare bayan an warware ƙullinsa, sai a sake jefo wata kishiya, ko haɗarin mota mai kawo mantuwa, ko wata 'yar'uwa da aka sace tun tana jaririya, a buɗe littafi na biyu da na uku. Cutar da ɗan kasuwar Kano ya sa wa labari ta raba shi uku, ita ce ta dawo da sabon kaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Marubucin bugaggen littafi yana gama labarinsa kafin kowa ya gani, don haka yana iya komawa babi na biyu ya dasa abin da zai girba a babi na goma. Mai saki kullum ba ta da wannan dama, domin shafin jiya ya riga ya fita. Shi ya sa ake cin karo da tauraro da aka gabatar da shi da muhimmanci sannan ya ɓace ba labari, ko shekarun yarinya su saɓa tsakanin farko da ƙarshe, ko a ɗauko alkawarin da labari ya yi a manta da shi. Aikin da edita yake yi a zamanin NNPC, yanzu babu mai yin sa.

4.2 Taurari da Jigo

Marubuciyar intanet tana rubutu masu karatunta na zaune a gabanta, kamar mai tatsuniya a tsakar gida ko makaɗi a filin biki. Bayan kowane shafi sukan faɗi ra'ayinsu, su zagi mugu, su roƙa wa tauraruwa sauƙi, su nemi a haɗa wane da wance. Ita ma takan yi barazanar dakatar da labari idan sharhi ya yi ƙaranci. Ta wannan fuska labarin intanet ya fi kusa da adabin baka fiye da duk wani rubutu da Hausa ta taɓa samu, kuma wannan fili ne mai kyau ga ɗaliban da ke neman batun kundin digiri.

Amma makaɗin da ke kallon fuskar mai kari, waƙarsa takan bi aljihun mai karin. Jiki Magayi ya ƙare da ɗaci, ramuwar gayya ta cinye mai yi da wanda aka yi wa. Da a zauren biya aka rubuta shi, da wuya masu karatu su bar marubutan su kai shi can. Abin da zaure ke so shi ne a saka wa tauraruwa da miji mai dukiya, a wulaƙanta kishiya, a rufe da haihuwar tagwaye. Daga nan ne aka sami tauraron da ke yawo daga littafi zuwa littafi da suna daban-daban: matashi, kyakkyawa, miskili, soja ko likita ko ɗan sarki, mai kamfanoni a ƙasashen waje, wanda ba a taɓa ganin sa yana aikin da ya tara dukiyar ba. A gefensa kuma ga marainiya 'yar talakawa wadda haƙurinta ba shi da iyaka. Manomi da ɗan ƙwadago da malamin firamare sun zama 'yan rakiya, alhali su ne mafi yawan Hausawa.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce babu jigo mai nauyi a wannan fage. Labaran intanet sun taɓo fyaɗe a cikin dangi, da cin zalin 'yar aiki, da ciwon damuwa bayan haihuwa, da shaye-shayen matan aure, da halin zawarawa, da ƙarfin hali irin wanda Balaraba Ramat ta nuna a zamaninta. Rashin mai tacewa shi ya buɗe wannan ƙofa. Ta ƙofar nan kuma batsa ta shigo, domin wasu sun gano tana sa a biya da sauri. Bambancin da tarke zai riƙe shi ne tsakanin marubuciyar da ta shiga ɗakin aure domin jigonta ya kai ta can, da wadda ta gina labari domin ya zama hanyar shiga ɗakin. Alamar ganewa mai sauƙi ce: a cire wurin, in labari ya rushe, to jigo ne, in bai ji komai ba, to talla ce.

4.3 Salo da Harshe

A nan ne ribar da hasarar suka fi fitowa. Zancen taurari a labaran intanet yana da rai, musamman hirar mata a tsakaninsu, da habaici da gugar zana da baƙar magana, irin waɗanda tsofaffin littattafan hukuma ba su cika kamawa ba. Karin harshen Sakkwato da Katsina da Zazzau da Damagaram ya sami shiga rubutu ba tare da an goge shi ba. Mai nazarin walwalar harshe zai sami taska a nan.

Ta ɓangaren ƙa'idar rubutu kuwa, lamarin abin damuwa ne. An sha aiki kafin a daidaita rubutun Hausa, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, zuwa taron Yamai na 1980 da ya nemi kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. A labaran waya sai ka ga an rubuta ƙauna da harafin q, zuciya da x, an haɗe "ya ce" da "ta ce" sun zama kalma ɗaya, an bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, ta yadda ba a bambanta ƙafa da kafa ko ɗaki da daki sai da taimakon jimla. Uzurin rashin haruffa ya faɗi, domin allon rubutu na waya irin Gboard yana da su. Sa'annan ga cusa Ingilishi inda Hausa ba ta gaza ba, har jimla guda ta zama rabi da rabi. Idan tauraruwa 'yar jami'a ce, surkin yana iya zama hoton halinta, wannan salo ne. Idan kuwa mai ba da labari ne da kansa ya kasa cewa ɗaki ko mota ko murmushi da Hausa, to rauni ne. Abin da ya sa batun ya wuce na ado shi ne, yarinyar da ke karanta shafi biyu kullum tana koyon rubutun Hausa daga waɗannan labarai fiye da yadda take koya daga malaminta na aji.

5.0 Suna, Haƙƙi da Dawwama

Wanda ya yi suna a intanet yakan ɗauka ya mallaki masu karatunsa. Gaskiyar ita ce yana zaune a rumfar haya. A ranar 30 ga Nuwamba 2023 OkadaBooks ya rufe bayan shekara goma yana aiki, kantin da marubuta suka jera littattafansu a ciki ya tashi gaba ɗaya. Zauren WhatsApp ma yana rataye ne da lambar waya guda. A rufe lambar ko wayar ta ɓata, sai a sake tara jama'a daga farko. Ga shi kuma yawancin marubutan suna rubutu da laƙabi, abin da ke kare su daga tsangwamar dangi da surukai, amma yana wahalar da tabbatar da mallaka ranar da rigima ta taso.

Rigimar kuwa kullum tana tasowa. Shafin da aka biya aka karanta, danna yatsa ɗaya ya isa a tura shi zaure goma kyauta. Akwai masu tattara littafi su mayar da shi kundi guda su raba, akwai masu karanta shi da murya su ɗora a YouTube su ci kuɗin talla ba da izinin mai shi ba, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Makamin da marubuciya ta fi dogara da shi shi ne Allah ya isa da take rubutawa a saman kowane shafi, har wannan gargaɗi ya zama wani sashe na tsarin labarin intanet, kamar yadda doguwar godiya da sadaukarwa suke a littattafan Kano. Alhali Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sata daga intanet. Doka ba ta aiki ga wanda bai san da ita ba, kuma marubuci ɗaya ba ya iya bin ɓarayi ɗari. Wannan aikin ƙungiya ne.

Babbar hasara ita ce ta tarihi. Mai neman Ganɗoki yau zai same shi, shekara casa'in bayan bugawa. Littattafan Kano ma, duk da raunin takardarsu, an tara da yawa a ɗakunan karatu na jami'o'i da hannun masu sha'awa. Labarin da ya rayu a rufaffen zaure kuwa ba shi da shekarar bugu, ba shi da tsayayyen matani, domin kwafin da ke yawo ya sha yanka da ƙari. Idan ba a yi hattara ba, zangon da Hausawa suka fi kowane lokaci rubuta labari shi ne zai fi kowane zango ƙarancin shaida.

Akwai alamar cewa gyara mai yiwuwa ne. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, ta tilasta wa masu shiga su ƙulla labari su warware cikin ƙayyadaddun kalmomi da daidaitaccen rubutu. Marubutan da suka taso daga waya sun shiga sun yi fice. Wannan ya nuna baiwar tana nan, tsarin cinikin ne ba ya neman ta da tsimi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda marubucin Hausa ya tashi daga hannun hukuma zuwa hannun ɗan kasuwa, daga nan zuwa hannun mai karatu da wayarsa. Kowane ubangida ya ba da wani abu ya karɓi wani. Hukuma ta ba da inganci ta ƙuntata ƙofa. Ɗan kasuwa ya buɗe ƙofa ya riƙe riba. Waya ta miƙa ribar ga marubuci, ta ɗauke masa edita da natsuwar gama labari da tabbacin dawwama.

Ga ɗalibi mai niyyar shiga wannan fage, shawarar wannan maƙala huɗu ce. Ya gama labarinsa, ko aƙalla ya tsara shi daga farko zuwa ƙarshe, kafin ya saki shafi na ɗaya. Ya ware wani abu daga kuɗin da ya samu ya biya wanda ya san ƙa'idar rubutu ya duba masa. Ya ajiye cikakken kwafi mai kwanan wata a wurin da ba na kamfanin kowa ba. Sannan ya saurari masu karatunsa a kan abin da ya gundure su, amma ƙarshen labari ya bar wa kansa.

Ga sassan Hausa na jami'o'i kuma, aikin da ke gabanmu a bayyane yake: a fara tattara waɗannan labarai da izinin masu su, a rubuta sunan marubuci da shekarar saki da dandalin da aka saki, a sa zaɓaɓɓu daga ciki a darasin ƙagaggen labari, a kuma koya wa ɗalibai aikin edita a matsayin sana'a, domin kasuwarsa ta buɗe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Marubutan waya sun amsa tsohuwar tambayar wa zai ciyar da marubuci. Tambayar da ta rage, wadda su da mu za mu amsa tare, ita ce wanne daga cikin dubban labaran nan za a iya ɗauka a karanta bayan shekara hamsin, kuma a ina za a same shi.